Malamin da Ya Ɗaure Hannunsa Kwana Biyar

"Mako biyu kawai na roƙa, Malam."

"Na ba ki wata ma. Me za ki yi da shi?"

"Jinya zan yi. Yau kwana bakwai rabon mahaifina da abinci, kai kuma kana ce min in gyara babi na biyu."

"Ban ce ki gyara ba. Cewa na yi ki yar."

Yayata ce ke sa-in-sa da malamin da ke duba kundinta na kammala digiri. Ni na kawo ta a babur, ina tsaye a bakin ƙofar ofishin. Ranar Litinin ce.

"Shafi arba'in na rubuta a kan jiki da ciwo," in ji Yaya.

"Na karanta. Masana goma sha bakwai kika ambata, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin mahaifinki. Me ya hana shi ci?"

"Taurin kai. Likita ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. Ya ce in bai ci ba zuwa Litinin mai zuwa, roba za a zura masa ta hanci."

"Dakata. Taurin kan, kin gan shi da idonki? A ina yake zaune, a goshi ko a ƙeya?"

"Malam, don girman Allah. Ba lokacin wasa ba ne."

"Wane ɓarin ne ya shanye?"

"Dama."

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya miƙa mata. "Ki zauna kusa da shi. Ki rubuta abin da kika gani da lokacin da kika gan shi. Dalili kuwa, kada ki rubuta ko ɗaya."

Ta fizge littafin ta fito. A kan matakala ta ce min, "Wannan tsohon ba shi da zuciya."

Wannan tsohon nake wa jinjina yau. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara talatin da huɗu a sashen falsafa. Ɗalibai na kiransa Malam Dakata, domin ba ka gama jimla a gabansa bai tare ka da kalmar nan ba. Ni ban taɓa zama a ajinsa ba. Daga sakandare na tsaya, na kama shagon kafintan mahaifinmu. Abin da zan faɗa, wani na gani, wani kuma waɗanda suka gani ne suka ba ni.

Bakwai da kwata yake sauka daga motar haya. Ya tako da ƙafa, da jakar fata wadda aka ɗinke hannunta sau biyu. Shi ke buɗe tagogin aji da kansa. Ya jiƙa tsumma ya goge allo, ya jira ya bushe. Sannan ya ciro abu ɗaya daga jaka ya ajiye a kan tebur: yau kofi, gobe makulli, jibi takalmi ƙafa ɗaya. Rabin sa'a ta farko babu lacca. Kowa ya faɗi abin da ke gabansa. Wanda ya ce "kofi ne na shan shayi", sai ya ji "Dakata, ka ga shayi a nan?" Wanda ke gefen taga yana ganin mariƙin kofin, na bakin ƙofa ba ya gani, amma duk sun yarda kofi ɗaya ne. Daga nan darasin ke tashi.

Sunan darasin finominoloji. Yaya ta yi min bayaninsa sau uku da manyan kalmomi ban gane ba. Shi da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi, "Koyon ganin abu yadda yake zuwa wa wanda abin ya sama, kafin ka ɗora masa abin da ka riga ka sani." Matakala ga mai lafiya hanya ce. Ga mai ciwon gwiwa tambaya ce, kowace safiya. Matakalar ɗaya ce.

Yana kuma koyar da wani darasin, falsafar aiki, wato nazarin abin da ya kamata mutum ya yi da abin da bai kamata ba. A takardar jami'a darussa biyu ne, lambarsu daban. Shi ya ƙi raba su. Yakan ce wanda bai tsaya ya ga halin da mutum ke ciki ba, ba shi da bakin cewa ga yadda za a yi da shi.

Bai zama farfesa ba. Waɗanda ya koyar sun zama. Rubuce-rubucensa da aka buga ba su cika tafin hannu ba, kuma da su ake auna mutum a can. Malaman wasu sassa suna kiran ajinsa "masu kallon kofi". Iyaye kan zo su tambaye shi wane aiki ake samu da wannan karatu. Amsarsa ba ta canzawa: "Ban sani ba. Amma duk aikin da suka samu, za su tarar da mutane a wurin."

Matar da ke share benen ta gaya min cewa wata shekara ya turo mata ɗalibai ashirin su bi ta na yini guda, su rubuta yadda baranda take ga mai shara. "Na zaci ba'a ce," in ji ta. "Amma tun daga ranar, 'yan wannan ajin ba su ƙara taka min jiƙaƙƙen siminti ba. Na sauran azuzuwa kuwa, kamar awaki." Wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aiki a asibiti yanzu ta ce abu ɗaya ta ɗauka daga wurinsa: ba ta yi wa kwantacce magana a tsaye. Sai ta jawo kujera.

Yanzu gidanmu.

Baba kafinta ne, shekara arba'in yana riƙe da zarto. Wata safiya ya sunkuya ɗaukar guduma, bai miƙe ba. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, kafaɗar tana ɗan motsi, amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu babu komai. Muka shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa, muka jingina shi da matasai.

Mun yi abin da hankali ya ba mu. Hannun hagu ne ke aiki, sai muka riƙa ajiye kwano a hagunsa. Bai taɓa ba. Inna ta ɗauki cokali ta kai masa baki, ya datse haƙora. Kawu ya zo ya yi masa faɗa na sa'a guda. Gwaggo ta ce fushi yake da Inna, a binciki abin da ta yi masa. Inna ta ce, "Shekara talatin ina dafa masa, sai yau zan zama abin bincike?" Limamin unguwa ya zo ya zauna, ya gaya masa a hankali cewa mai lalura an yi masa rangwame a komai. Baba ya gyaɗa kai. Da liman ya fita, kwanon na nan yadda yake. Kofin shayi mai madara kaɗai muke tararwa ya ragu. Da shi yake rayuwa.

Ranar da likita ya yi maganar roba, Baba ya juya fuska bango, ya sa tafin hagu ya rufe hancinsa. Haka ya yini.

Yaya ta jefo min littafin Malam a cinya. "Ni safe, kai rana. Kai da magana ke wa wuya, ai aikinka ne."

Na rufe shago na zauna. Da farko na rubuta "Baba ya ƙi ci". Yaya ta soke. "Ƙi dalili ne. Me ka gani?" Na ce ashe ke ma kin kamu. Ta ce in yi mata shiru.

Ga abin da ke shafina na ranar Laraba:

Ɗaya da minti goma. Inna ta ajiye kwano a hagu. Ya kalli kwano. Ya kalli hannun dama. Ya ɗaga na hagu kamar taƙi ɗaya, ya mayar kan cinya.

Ɗaya da rabi. Kawu ya shigo da baƙi biyu. Baba ya ja mayafi ya rufe hannun dama.

Biyu saura. Inna ta kawo cokali. Ya kalli baƙi. Ya rufe ido.

Biyu da kwata. Kowa ya fita. Na fita, na tsaya ta taga. Ya jawo kujerar tsuguno da ƙafar hagu. Kofin shayi na kanta. Ya sunkuya ya kai baki ga kofin. Bai taɓa shi da hannu ba.

Na rubuta wannan ban ga komai a cikinsa ba. Yaya ta kai wa Malam ranar Alhamis. Ta dawo tana huci, ta ce layi biyu kawai ya ja wa fensir a ƙasa, ya ce ta ƙirga sau nawa Baba ke kallon hannun dama a yini. Muka ƙirga. Sau talatin da ɗaya, kuma ashirin da shida daga ciki akwai abinci a ɗakin.

Ta kuma kawo wani labari. Tun safiyar Talata, washegarin faɗansu, Malam ya shigo aji da hannun dama a ɗaure a cikin riga, an naɗe shi da ƙyalle a jikin ƙirji. Ya yi rubutu a allo da hagu, kamar tafiyar kaza. Ɗalibai suka yi ta ƙunshe dariya. Wani malami ya tare shi a baranda: "Subhanallahi, hatsari ka yi?" Ya ce, "A'a, karatu nake." Mai sayar da abinci a bayan sashen ta ce ranar farko ya zauna gaban faranti rabin sa'a, ya yi loma uku, ya tashi. Ta bi shi tana tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.

Yaya ta ce, "Neman suna ne." Amma a hankali ta faɗa.

Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Saura kwana biyu a sa roba. Hannun na nan a ɗaure. Inna ta rasa inda za ta sa shi, ta ɗauko kujera mai kyau. Ya ce a bar ta, ya zauna a ƙasa kusa da katifa, har kansa ya fi na Baba ƙasa. Ya roƙi a kawo abinci kwano biyu, a kuma ba su wuri. Ni aka bari, don ni ke tallafe Baba in ya zame.

Ya ja kwanonsa, ya ci loma ɗaya da hagu. Ya tauna ya haɗiye. Sannan ya ce:

"Maigida, yau kwana biyar da wannan hannun nake ci. Na san ya halatta ga mai lalura. Kai ma ka sani, ba sai an turo maka liman ba. Amma tun ina yaro, in na miƙa hagu ga kwano, buge shi ake yi. Ni ma na buge na 'ya'yana. Yanzu duk lomar da na kai baki, sai in ji kamar ba tawa ba ce. Ciki ya cika, ni ban ci ba."

Baba na kallonsa.

"Na ce wa matata ta ba ni a baki. Sau ɗaya muka gwada. Jikata na tsaye tana kallo. Ban iya na biyu ba."

Baba ya sauke ido kan hannun dama.

"Ni yau zan kwance nawa. Kai ba haka ba. Don haka ban ce na san naka ba. Nawa na faɗa maka. In na yi kuskure, ka girgiza kai in tafi."

Baba bai girgiza ba. Leɓensa ya yi ta motsi, da ƙyar kalma ta fito. "Haka."

Kwana goma sha biyu muna zagaye da shi, mu jininsa. Mun ce taurin kai, mun ce fushi, mun ce an yi masa rangwame. Babu wanda ya tuna cewa wannan mutumin ne ya bubbuge mana hannun hagu a bakin kwano, mu duka, har muka daina. Mu kuma muka tura masa kwano can, muna ganin taimako ne.

Malam ya ce, "To ni iyakata ke nan. Ko ƙusa ban iya bugawa ba. Kai ne kafinta. Hannun nan na dama, in ba zai tashi da kansa ba, babu abin da zai ɗaga shi?"

Baba ya daɗe yana kallon hannun. Sai ya kai na hagu bayan kunnensa, inda fensir ke zama shekara arba'in. Babu fensir. Ya harare ni. Na ruga shago na kawo, da guntun katako mai laushin fuska.

Da hagu ya zana, layukan duk a karkace. Gindi mai faɗi. Sanda a tsaye. A samanta wani dogon katako mai kwarmi, inda hannu zai kwanta daga gwiwa zuwa wuyan hannu, an soke shi da ƙarfe a tsakiya yadda zai riƙa lilo. In hagu ya danna ƙarshen baya, gaba ya tashi. Hagu zai yi dakon, dama ya kai lomar.

Malam ya kwance ƙyallensa a tsakar gida, ya yi ta murza yatsu yana yamutsa fuska. Inna ta ce, "Malam, kai ma da ka bari mun gasa maka." Ya ce ai matarsa na jira da ruwan zafi da faɗa. Ya tafi neman mota.

Na ƙera abin kafin la'asar. Na kawo. Baba ya ɗora hannu, ya danna, cokali ya wuce saitin goshinsa. Na yi sandar da tsawo. Ya buga katakon da tafin hagu, ya dube ni, ya ce, sarai babu gargada, "Jaki."

Daga tsakar gida Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, baki ya buɗe."

Ranar Lahadi na rage wa sandar yatsa uku, na goge kwarmin da samfefa, na shimfiɗa masa tsumma. Muka ɗaure cokali a tafin dama da igiyar fata. Aka ajiye kwano a dama. Kowa ya fita. Cokali na farko a ƙirji ya zube. Na biyu ma. Na uku ya bugi haɓa. Na huɗu ya shiga. Ya ci bakwai, ya gaji, ya yi barci da cokalin a hannu.

Litinin likita ya duba shi, ya duba katakon, ya ce a ƙara mako guda a gani. Bayan makon bai sake maganar roba ba. Ya ɗauki hoton katakon da wayarsa.

Yaya ta yar da babi na biyu, da na ɗaya ma. Ta sake kundin daga littafin nan na 'yan firamare. Mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a ya ce aikin ba shi da isassun manazarta, ya ba ta maki na tsaka-tsaki. An ce Malam ya yi gardama da shi sa'a biyu. Bai ci nasara ba. Ya fito ya ba ta haƙuri, ya ce laifinsa ne. Ta ce masa ba ta ga laifi ba, kuma shi ya hana ta rubuta abin da ba ta gani ba.

Malam, ban iya yabo ba. A gidanmu ba a yi. Amma kai ne ka zauna a ƙasa, alhali an ba ka kujera. Kai ne ka bar ɗalibanka suka yi maka dariya kwana biyar saboda wani kafinta da ba ka taɓa gani ba. Kai ne ka san amsa tun ranar Alhamis, ko kusa da ita, ka ƙi aiko mana da ita a takarda, ka zo ka tambayi mai abin da bakinsa. Kuma da ka gano, ba ka ce ga yadda za a yi ba. Ka mayar masa da fensirinsa. Mai ido a cikin masu baki. Iyakar kirarin da zan yi maka ke nan.

Na gode. Inna ta gode. Baba ya ƙara kilo shida, ya koma zagina a kan aiki.

Ga sauranmu kuma, masu jinya da masu koyarwa da masu zuwa dubiya da wa'azi a baki: ba sai kun je jami'a ba, ni ma ban je ba. In naku ya yi abin da ba ku gane ba, ku jawo tabarma ku zauna. Ku riƙe dalilinku a aljihu na yini ɗaya. Ku dubi inda yake duba. Yana da wuya, na gwada, har yanzu nakan kasa.

Makon jiya aka yi masa ɗan taron sallama a ajin da ya saba koyarwa. Mutum bai fi talatin ba. Baba ya ce sai an kai shi, muka hau da shi bene ni da wani ɗalibi. Shugaban sashe ya yi jawabi mai kyau. A ƙarshe ya ce, cikin jimami, daga zango mai zuwa za a dakatar da darasin finominoloji, domin an yi cigiya sau biyu ba a sami mai koyar da shi ba. Aka yi tafi don jawabi ya ƙare. Aka fara raba lemo.

Baba ya ɗaga hannun hagu, kamar ɗan aji. Shugaban sashe ya ce, "Bismillah, Baba." Aka jira shi, domin maganarsa tana ɗaukar lokaci. Ya dubi farfesoshin da ke layin gaba ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ɗalibai, ya dubi Yaya.

"To in ya tafi," in ji shi, "wa zai koya wa yaran nan kallo?"